Shimfiɗar yara a tanti lokacin hunturu

'Yar'uwa, kin ce za ku kwana a tanti da yara uku a tsaunukan Shere kusa da Jos cikin watan Janairu, kuma bargunan gida sun cika boot ɗin mota. Gaskiya kin yi daidai da kika tambaya wace shimfiɗa za ki yi musu, domin sanyin Filato da asuba ba wasa ba ne.

Abin da mutane ke mantawa shi ne sanyi daga ƙasa yake shiga jikin yaro. Ko bargo uku kika lulluɓa masa, in tabarma kawai ke ƙarƙashinsa, zai farka yana rawar ɗari. Ki fara da siririyar katifar soso, irin wadda ake naɗewa a ɗaure da igiya.

Sannan ki nemi jakar barci, wato bargon da aka ɗinka kamar buhu ana shiga ciki, daidai tsawon yaron. Ta manya tana barin fili a ƙafa, jikinsa kuma ba zai iya ɗumama wurin ba. In ita kike da ita, ki ɗaure ƙasanta da ƙyalle. Jakar da aka cusa wa gashin agwagwa ta fi naɗuwa ƙanƙanuwa, amma da ta jiƙe ta daina ɗumi, yara kuwa sukan yi fitsarin kwance a baƙon wuri. Ni dai ta zaren roba nake saya wa nawa, tana bushewa kafin azahar.

Hular sanyi da safa busassu, kowa nasa. Jariri kada a sa shi cikin jakar nan. Kuma don Allah kada a shigar da kaskon gawayi cikin tanti, hayaƙinsa yana kisa cikin barci.