Ƙaramar sabata ba ta gane PHP: in cusa shi ciki ne?

Tambaya: Na rubuta wata ƙaramar sabar yanar gizo da harshen C, tana ba da shafukan HTML da hotuna lafiya lau. Yanzu masu amfani da ita sun matsa sai an sa PHP don su ɗora WordPress. In cusa injin PHP a cikinta ne, kamar yadda Apache ke yi da mod_php?

Amsa: Malam, kada ka cusa. Yana yiwuwa ta hanyar libphp, amma ranar da injin PHP ya faɗi, da sabarka zai faɗi, kuma shafi ɗaya mai nawa na iya tsayar da kowa. Ka bi hanyar da nginx da lighttpd da Caddy suka bi, wato FastCGI, ƙa'idar da saba ke bi ta miƙa aiki ga wata manhaja mai gudana daban, wadda kamfanin Open Market ya fitar a 1996. PHP na zuwa da nasa ɓangaren, PHP-FPM, tun sigar 5.3.3 ta 2010. Naka kawai ka koya wa sabar magana da shi, ta 127.0.0.1:9000 ko ta soket na Unix.

Maganar a ƙulli-ƙulli take tafiya. Kowane ƙulli yana da kai mai bayit 8, cikinsa kuma ba ya wuce bayit 65,535, don haka babban fayil sai an yanka shi. Za ka fara da BEGIN_REQUEST, sai PARAMS mai ɗauke da bayanan buƙatar a matsayin suna da ƙima, sai STDIN mai ɗauke da abin da baƙo ya turo. PARAMS da STDIN kowanne ana rufe shi da ƙulli wanda ba komai a ciki. In ka manta da rufe su, FPM na iya zama yana jira, burauza ta yi ta juyi.

Akwai wani tarko da ba ya nuna kansa da wuri. Tsawon suna ko ƙima a cikin PARAMS bayit ɗaya ne in bai kai 128 ba, in ya kai sai bayit huɗu, a kunna bit mafi girma na bayit na farko. Wanda bai kula da wannan ba, gwajinsa duk zai tafi daidai, sai ranar da aka shiga shafin gudanarwa da dogon kuki komai ya dagule.

Cikin ƙimomin da za ka tura, SCRIPT_FILENAME ne jigo: cikakkiyar hanyar fayil kamar yadda FPM ke ganinta, ba yadda sabarka ke gani ba. In ta karkace, baƙo zai ga "File not found." Haɗa da REQUEST_METHOD, REQUEST_URI, QUERY_STRING, CONTENT_TYPE da CONTENT_LENGTH. In shafin na kan HTTPS, tura HTTPS=on, in ba haka ba WordPress zai yi ta mayar da baƙo adireshi ɗaya ba iyaka. A amsar da za ta dawo ta STDOUT, nemi layin "Status:" ka mayar da shi lambar amsar HTTP. In babu shi, 200 ce.

Tsaro kam ba a yi masa sakaci. Tabbatar fayil ɗin .php yana nan da gaske kafin ka miƙa shi, don kada adireshi irin hoto.jpg/x.php ya sa a gudanar da hoton da wani ya ɗora. Zubar da kan saƙon HTTP (header) mai suna Proxy in baƙo ya turo shi, shi ne silar matsalar httpoxy ta 2016. Soket ɗin ma kada ka buɗe shi ga intanet, domin FPM ba ya tambayar kowa ko shi wane ne.

Sabarka ba ta karanta .htaccess, fayil ɗin da WordPress ke sa dokokin karkatar da adireshi na Apache a ciki, saboda haka duk adireshin da bai dace da wani fayil ba, miƙa shi ga index.php. Sannan pm.max_children, wato iyakar ma'aikatan da FPM zai gudanar a lokaci ɗaya, da lissafi ake sa shi: in ka ware wa PHP megabayit 1,000, kowane ma'aikaci na cin 50, ashirin ne iyakarka.