Kafin ka yi zancen Paris, fara taka shantiye

Ɗana, jiya muna shan shayi bayan la'asar ka tambaye ni: wanda yake son zama lauyan rigingimun gine-gine, irin waɗanda ake kaiwa gaban masu raba gardama a ƙasashen waje, daga ina zai fara? Na lura hankalinka yana Paris, inda ake yawan kai irin waɗannan rigingimu. To, saurara.

Da farko daina ce wa aikin sulhu. Mai sulhu lallashi yake yi, wanda bai gamsu ba ya kaɗe rigarsa ya tafi. Mai raba gardama kuwa, tun a cikin kwangila ɓangarorin suka yarda a je gabansa, abin da ya yanke kuma ya zauna, sai dai a kai wa alƙali ya buga hatimin zartarwa. Dokarmu ita ce ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke daidaita dokokin kasuwanci, ta 1999 da aka sabunta a 2017, babbar kotunta tana Abijan. Hukuncin da aka yanke a Landan ko Paris, yarjejeniyar New York ta 1958 ce ke buɗe masa ƙofar Nijar. Duk wannan yana cikin littafi, kai kuma ba ka da ƙyuyar karatu. Turancin Ingilishi dai ka dage masa, Faransanci kaɗai ba zai kai ka ba.

Abin da littafi ba zai ba ka ba shi ne shantiye, wato wurin da ake aikin gini. Akwai wani ɗan kwangila da ya taɓa zuwa mini. Takardun binciken ƙasa sun ce yashi ne, da aka fara haƙa harsashi sai ga dutse, irin na Damagaram da ka sani, wanda diga ke tsalle a kansa. Ya ɗauko injin fasa dutse haya, ya yi makonni yana biyan lebura da tankar ruwa. Injiniyan mai aiki, wato na wanda ya ba da kwangilar, ya ce masa da baki: "Ci gaba, Alhaji, za a duba." Shi ke nan, ya ci gaba.

Kwangilar irin ta FIDIC ce, wato tsarin kwangila na ƙungiyar injiniyoyi ta duniya, wadda ake yawan amfani da ita a manyan ayyuka. A cikinta, kwana 28 ɗan kwangila yake da su daga ranar da ya san matsalar ya rubuta sanarwa, in sun wuce haƙƙinsa ya faɗi. Shi sai bayan wata uku ya rubuta. Na buɗe littafin shantiye, shafukansa duk siminti da zoben kofin shayi, ina neman ko layi ɗaya da injiniyan ya sa wa hannu. An rubuta buhun siminti nawa ya shigo kowace rana, amma dutse ko sau ɗaya ba a ambace shi ba. Gaskiya tasa ce, wallahi, kuɗin kuwa bai dawo ba.

Saboda haka sai ka iya karanta zanen gini da jadawalin aiki, ka san jinkirin da damina ta jawo da wanda mai aiki ya jawo da rashin biya. Gobe ajiye wannan kwat ɗin, sa takalmi mai ƙarfi. Ƙarfe bakwai za mu fita hanyar Tanut, akwai magini da zai nuna maka yadda ake auna kankare.