Amsa ga 'yar'uwar da ke tsoron auren mai lalurar ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta tambayarki, inda kika ce wanda yake neman aurenki ya faɗa miki yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa, kuma tun ranar hankalinki bai kwanta ba, domin duk abin da kika sani game da wannan lalura a wasannin kwaikwayo na talabijin kika gan shi. Shekara 11 ke nan ina zaune da maigidana, wanda yake da ciwon ƙwaƙwalwar da likitoci ke kira baifola, mai sa mutum ya riƙa sauyawa tsakanin kuzarin da ya wuce kima da mutuwar jiki mai tsanani, don haka zan faɗa miki abin da idona ya gani.

A yawancin wasanninmu masu dogon zango, taɓin hankali yana zuwa ne dare ɗaya, kuma soyayya ce sanadinsa. An ɗaura auren budurwa da wani, washegari sai ga saurayin a kan bola da tsumma, gashi a hargitse, yara suna binsa da jifa. Idan mace ce, to kishiya ko uwar miji ta yi mata sammu. Bayan fitowa uku ko huɗu sai masoyiyar ta zo ta kira sunansa tana hawaye, ko a tono layar da aka binne, nan take ya dafe kai ya ce, "Ina ne nan?" Shi ke nan ya warke, ba a sake tayar da zancen.

Namu ciwon ba da ihu ya shigo ba. Maigidana ya fara da rage barci, awa biyu ko uku sun ishe shi, ya tashi da kuzari yana tsara kasuwancin da ya fi ƙarfin jarinsa, yana rabon kuɗi, yana magana ba numfashi. Dangi har murna suke yi, wai Allah ya buɗa masa. Bayan 'yan makonni sai abin ya juye, ya kwanta a ɗaki ba ya son haske, wanka ma sai na yi ta lallami, kuma wannan shirun ya fi wancan surutun tsorata ni. Bai taɓa yaga tufafinsa ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Saboda bai yi kama da mahaukacin talabijin ba, mun ɓata kusan shekara biyu kafin wani ya ce mu ga likita.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne wancan darasi na cewa ƙauna tana warkarwa. Na ɗauka da gaske, na riƙa tuhumar kaina cewa da na iya tarairaya da bai kwanta ba, surukaina ma suka fara yi mini kallon haka. Da ya samu sauƙi kuma, dukanmu muka ce an gama, ya ajiye magani, bayan wata biyar ciwon ya dawo fiye da na farko. Likita ya zaunar da mu ya ce mu ɗauke shi kamar hawan jini ko ciwon suga, ana sarrafa shi ne, ba a yi masa sallama. Maganin yana da nasa wahala: ƙiba, rawar hannu, kasala da safe, ga gwajin jini lokaci zuwa lokaci, kuma ko azumin Ramadana sai mun koma an daidaita mana lokutan sha, domin rashin barci yana tayar da ciwon. Ban taɓa ganin wasan da ya nuna mata tana ƙirga ƙwayoyi a daren Juma'a don ta san ko za su kai ranar asibiti ba, alhali nan ne soyayyar take.

Ban raina addu'a da ruƙiyya ba, muna yi har gobe. Abin da nake ƙi shi ne a nuna wa miliyoyin masu kallo cewa kowane ciwon ƙwaƙwalwa aikin makiri ne, domin a dalilin haka ana zargin bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, ana kuma sa wa marar lafiya mari a ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma da yawansu suna zuwa aiki suna riƙe da gidajensu. A Najeriya sai a watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Asibitocin tarayya na wannan fanni suna nan a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano.

Mutumin nan ya faɗa miki gaskiya tun kafin a kai kuɗin aure, a ƙasar da ake ɓoye irin wannan har sai an tare, kuma ko a fiƙihun Malikiyya taɓin hankali yana cikin aibobin da ɓoye su ke ba wa ɗayan ma'aurata zaɓin raba auren. Ba zan ce ki aure shi ko ki bar shi ba. Ki nemi ya tafi da ke da wani muharraminki wurin likitansa, ki tambayi sunan ciwon, da yaushe ya tashi na ƙarshe, da alamomin da ke fara bayyana, da abin da ya faru duk lokacin da ya bar magani. Idan ya amince ba tare da ɓacin rai ba, ki sanar da iyayenki, sannan ki yi istihara.