Amsa ga ƙanwata a Agege: ruwan da aka ƙulle a cikin mai

Ƙanwata, saƙonki ya iso ni lafiya. Kin ce kin kammala digirin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Legas da ke Akoka, kin yi hidimar ƙasa, yanzu kina son zuwa Amurka yin digirin dakta. Batun da ya tsaya miki a rai shi ne tsamin ruwan da ke ƙulle a cikin juyayyen maisel, wato ɗan ɗigon ruwa da ƙwayoyin sabulu suka kewaye a cikin mai, amma kina tsoron kada ya zama ƙaramin batu da ba zai kai ki ko'ina ba. Kin kuma tambaya ko ki biya wani dillali da ya yi miki alkawarin gurbi.

Dillalin nan kada ki ba shi ko sisi. A nan Amurka, ɗalibin dakta a fannin sinadarai galibi jami'a ce ke ɗauke masa kuɗin makaranta, ta kuma ba shi alawus saboda koyarwa ko binciken da yake yi. Da hannunki za ki nema a shafin jami'a.

Batun naki kuwa, wallahi ba ƙarami ba ne. Kin san ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son mai. A cikin ruwa, wutsiyoyi ke ɓuya a ciki. Idan kuwa aka zuba ta a mai irin su aisoktan, aka ɗiga ruwa kaɗan, sai lamarin ya juye: kawuna su koma ciki su rungume ɗigon ruwan, wutsiyoyi su miƙe waje, kamar ƙullin ruwa a leda. Sinadarin da aka fi amfani da shi sunansa AOT, kuma yawan ruwan da kika sa wa kowace ƙwayar AOT shi ke yanke girman ƙullin. Faɗinsa 'yan nanomitoci ne kawai (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita).

A nan tambayar take. Tun 1909 da masanin sinadarai Sørensen ya fito da pH, ma'aunin tsami, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kwapanhagan, ruwa mai yawa ake nufi da shi. Ki yi lissafin da kanki: a ruwan da pH ɗinsa 7 ne, wato tsaka-tsaki, furoton (ƙwayar da ke jawo tsami) ɗaya tak ake samu a sake cikin ƙwayoyin ruwa wajen miliyan 550. Ƙaramin ƙulli kuwa ƙwayoyin ruwa ɗaruruwa ne ko 'yan dubbai a cikinsa. To mene ne pH ɗin ɗigon da, a lissafi, ko furoton ɗaya bai kai ya samu ba? Ga shi na'urar awon pH ba ta shiga wurin. Dole sai an tura ɗan aike, wato rini mai sauya launi ko wata ƙwaya da ake gani a NMR, na'urar da ke gano ƙwayoyi da maganaɗisu. Shi kuma ɗan aiken labarin inda ya zauna kawai yake kawowa. In ya manne a bangon ƙullin, ba zai gaya miki abin da ke tsakiya ba.

A Jami'ar Jihar Kolorado, Nancy Levinger da Debbie Crans sun yi amfani da ƙwayar dekabanadet, wadda cajin lantarkinta iri ɗaya ne da na kawunan AOT, shi ke hana ta kusantar su, don haka tsakiya take zama. A 2006 suka nuna cewa ko ruwa mai tsami aka zuba, tsakiyar ɗigon tana nuna kusan babu tsami, alamar furoton sun koma jikin bango. A 2011 kuma suka nuna iskar kabon dayoksaid ma tana shiga ƙullin ta tsamar da shi. Ranar da na fara karanta wannan, na daɗe zaune ina tunanin ruwan da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, don shi ma a matse yake tsakanin bangaye, kuma a can sinadaran rayuwa ke aikinsu.

Abin da nake so ki yi tun kina Legas shi ne ki taɓa aikin da hannunki. In sashenku na da na'urar awon hasken UV, ki roƙi malaminki ya bar ki ki gwada rini ɗaya a ƙulli mai girma daban-daban. Ki kula da tsarkin AOT ɗin da za ki saya, ko a kasuwar sinadarai ta Ojota ko wajen wani dila, domin wanda ya daɗe a ajiye yana iya ɗauke da tsamin kansa ya ɓata miki awo. Ki rufe kwalabenki da kyau saboda iska.

Da wannan za ki rubuta wa farfesa. Wasiƙun da ke cewa kawai ina son kimiyya sun yi musu yawa. Taki ta ce ga abin da na gwada, ga abin da ya ba ni mamaki, ga tambayar da nake son bi a ɗakin bincikenku. Yawancin jami'o'i suna rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, saboda haka ki nemi takardar sakamakonki da wasiƙun malamai uku tun yanzu, don suna cin lokaci.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai sanyi da kewar gida, kuma azumi a nan ba kamar na Agege ba ne. Ki zauna da Baba da Inna ki yi musu bayani dalla-dalla kafin ki cike komai. In kin rubuta wasiƙar farko, ki turo min in duba. Ki gaishe min da su, Allah Ya yi miki jagora.