Ina ɗalibin zane, kiɗa da barkwanci zai dosa a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu uku ne abokai, dukkanmu haifaffun Agege, kuma bana muka shiga makarantar gaba da sakandare a nan Legas. Ni zane nake karantawa, ɗayanmu ya karkata ga kiɗa da waƙa, na ukun kuma barkwanci yake so ya mayar sana'a. Littattafai sun yi mana tsada, kuɗin data ma da ƙyar muke haɗawa. Waɗanne wurare ne a intanet za mu koyi aiki kyauta, kuma ina ake samo abin da ke zaburar da basira?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah Ya yi wa karatunku albarka. Tambayarka biyu ce a haɗe, kuma zai fi kyau mu raba su, domin koyon yadda ake aiki daban ne da samun abin da za a yi aikin a kansa. Intanet ta ƙware wajen na farko, amma a na biyun ba ta wuce mai nuna hanya ba, kuma yawancin ɗaliban da suka wuce ta hannuna a nan suka ruɗe, suka shafe shekara suna kallon aikin wasu a waya ba tare da sun cika takarda goma da hannunsu ba.

Bari in fara da kai, tunda zane ne fagen da na fi daɗewa a ciki. Akwai shafi mai suna Drawabox wanda darussansa kyauta ne, kuma ba ya fara maka da fuska ko doki, sai da miƙaƙƙen layi da da'ira da akwati, har ya kai ka ga aikin zana akwati 250 ta fuskoki daban-daban. Aikin yana da gundura, ba zan ɓoye maka ba, amma shi ne ke koya wa ido ganin zurfi a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, wanda kuma ya ƙetare shi ba ya sake zana ɗaki kamar zai rushe. Domin sanin tsarin jikin mutum, wato yadda ƙashi da tsoka ke zama a ƙarƙashin fata, tashar Proko a YouTube tana da darussa masu yawa da ba a biya. Sai dai ka sani cewa shafukan koyon zanen jiki sukan nuna hotunan mutane babu tufafi, don haka ka duba wurin zaɓi tun kafin ka fara, domin wasunsu suna ba da damar a tsaya ga masu sutura kawai. Idan kana son zane a kwamfuta, manhajar Krita kyauta ce, a waya kuma ibisPaint za ta wadatar da mai farawa. Duk da haka, ka riƙa ɗaukar littafin zane da fensir zuwa mayankar Oko-Oba da ke kusa da ku, ka zana shanu suna motsi, ko ka tafi kasuwar Mile 12 ka zana masu sauke kwandunan tumatir, kowane zane cikin minti biyu, domin saniyar da ba za ta tsaya maka ba ta fi hoton da ke jiranka koyar da saurin hannu.

Manyan gidajen tarihi na duniya ma sun buɗe taskokinsu. A shekarar 2017 gidan Metropolitan da ke birnin New York a Amurka ya saki dubban ɗaruruwan hotunan kayan da ya mallaka domin kowa ya sauke ya yi amfani da su, haka ma Rijksmuseum na ƙasar Holan yana ba da hotuna masu tsabta ƙwarai. A dandalin Google Arts & Culture kana iya faɗaɗa zane har ka ga sawun burushi, shafin Smarthistory kuma yana bayanin tarihin zane cikin gajerun bidiyo. Shawarata ita ce ka zaɓi hoto ɗaya tak a mako, ka sauke shi, ka kwaikwaye shi da hannu, ka tambayi kanka daga ina haske ya shigo da kuma inda mai zanen yake so idonka ya fara sauka.

Abin da ɗalibanmu ba su cika yi ba shi ne rubuta kalmar Hausa a wurin bincike na waɗannan taskoki. Gwada a shafin gidan tarihin Birtaniya, za ka ga manyan riguna masu aiki irin su aska takwas, da kayan fata, da ƙore masu zane. Jami'ar Boston tana da taskar rubuce-rubucen ajami daga Afirka a intanet, ciki har da na Hausa, wanda kuma ya natsu a kan tsoffin rubuce-rubucen hannu na ƙasarmu da zayyanar alluna zai ga lissafin launi da daidaiton siffa da ba a koyar da shi a aji ba. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A shekarar 1958 wasu ɗaliban zane a kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan ra'ayin cewa za su karɓi dabarun Turai amma su zuba musu kayan gida, daga baya kuma Grillo ya daɗe yana jagorantar sashen zane na Kwalejin Fasaha ta Yaba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da zanen tukwanen gargajiya na yankinsu ta shahara, ko bayan ta koyi sabbin dabarun gasa yumɓu. Kai ma kana da dagi da zanen bangon gidajen sarauta da ɗinkin hula, waɗanda abokan ajinka da yawa ba su taɓa duban su da idon mai zane ba.

Allon waya yana ɓoye girman zane, yana kuma sauya launinsa, saboda haka ka riƙa zuwa da ƙafarka tunda kana Legas. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957, yana da sassaƙen yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok. Gidan zane na Nike a Lekki cike yake da ayyukan masu zane na zamani. Cibiyar zanen zamani ta CCA da marigayiya Bisi Silva ta kafa a Yaba a 2007 ta yi suna da ɗakin karatunta na littattafan zane. Baje-kolin Art X Lagos kuma, wanda aka fara a 2016, a watan Nuwamba ake yin sa.

Shi kuwa abokinka mai kiɗa, ya fara da shafin musictheory.net domin sanin ƙa'idojin rubuta sauti, ya sauke MuseScore domin rubutawa da sauraron abin da ya rubuta, ya kuma riƙe Audacity a kwamfuta ko BandLab a waya domin naɗa murya da haɗa kiɗa, duk ba tare da ya biya ba. Amma akwai abin da waɗannan darussa ba za su gaya masa ba, domin an gina su ne a kan kiɗan Turai. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru, kuma idan karin waƙa ya saɓa wa karin kalma, kunnen Bahaushe zai ji an karya maganar ko da kiɗan ya yi daɗi. Maganin wannan shi ne saurare na natsuwa. YouTube tana ba da damar rage saurin bidiyo zuwa rabi, don haka ya nemi tsoffin faifan Alhaji Mamman Shata ya bi yadda kalangu ke tafiya da murya da yadda 'yan amshi ke shigowa, sannan ya saurari Ɗan Maraya Jos ya ji abin da mutum ɗaya ke iya fitarwa daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Idan ana biki a Agege ko Idi-Araba aka kira makaɗa, ya nemi izininsu ya naɗa da waya ya koma gida ya warware kiɗan. Cibiyar MUSON da ke Onikan tana da makarantar kiɗa idan yana son horo na ido da ido.

Barkwanci ne ya fi wuyar koya daga allo. Abin da zai amfani abokinku na uku shi ne ya ɗauki bidiyo ɗaya da ya ba shi dariya, ya rubuta duk abin da aka faɗa kalma bayan kalma, ya gano inda aka shimfiɗa zancen da inda aka juya shi, ya kuma ƙirga daƙiƙun da mai wasan ya yi shiru kafin ya saki kalmar ƙarshe, domin sau da yawa a cikin shirun nan dariyar take. Ya yi haka da wasannin marigayi Rabilu Musa Ibro da na Samanja, ya yi da na masu tsayuwa gaban jama'a a nan Legas irin su Ali Baba, sannan ya tambayi dattawa labarin 'yan kama da 'yan gambara da wasannin tashe. Yana da gadon da ba kowa ke da shi ba, domin Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne tun tuni, kuma ruɗanin da ake samu kullum tsakanin Hausa da Yarbanci da Turancin buroka a cikin motocin haya na danfo ya ishe shi kayan aiki. Sai dai wasan dangi yana da iyaka, don haka ya nisanci addini da nakasar mutane, kuma ya gwada kowane sabon zance a gaban mutum biyar masu rai kafin ya ɗora shi a TikTok, domin idan fuskokinsu ba su motsa ba to da sauran gyara.

Game da data, ku riƙa sauke darasi da dare lokacin da kamfanonin waya ke sayar da ita da rahusa, ku raba wa juna, ku kuma kashe sanarwar waya lokacin aiki. Ku kiyaye haƙƙin mallaka: dokar Nijeriya ta 2022 tana kare zane da waƙa tsawon rayuwar mai su da shekara 70 bayan rasuwarsa, saboda haka kwaikwayo domin koyo a littafinku babu laifi, amma ɗora kiɗan wani a ƙarƙashin bidiyonku na iya sa a toshe shi ko kuɗin tallan ya koma ga mai kiɗan. Tunda ku uku ne, mai kiɗan ya haɗa wa mai barkwanci sautin bidiyonsa, kai kuma ka zana musu hoton bango da tambari, ku sa wa kanku ranar kammala aikin farko kafin hutun zangon nan.