Tayar tsere a kan rim ɗin da mota ta zo da shi: amsoshin wannan makon

Tambaya: Motata ƙafar baya take ja, rim ɗin da ta zo da shi daga kamfani inci 15 ne, faɗinsa inci 7. Ina so in fara shiga tseren miƙaƙƙen layi na kwata mil, kuma na ga silik, wato tayar tsere marar zane, mai lamba 28x10.5-15. Za ta hau?

Za ta hau, ɗan'uwa, amma ba za ta yi maka aikin kuɗinka ba. Lambobin nan uku suna nufin tsayin taya inci 28, faɗin fuskar da ke taɓa ƙasa inci 10.5, sai rim inci 15. Abin da masu tsere ke bi shi ne faɗin rim ya yi kusa da faɗin fuskar taya, bambancin kada ya wuce kamar inci ɗaya. Idan ka matse 10.5 a kan rim mai inci 7, tsakiyar tayar za ta tasa, gefunan su ɗaga sama. Daga nan sai ka yi ta rage iska don fuskar ta kwanta, motar kuma ta fara lilo da kai a ƙarshen layi, daidai inda gudu ya fi yawa. Nemi taya mai faɗin inci 8 ko 8.5, ka duba jadawalin da kamfanin tayar ya fitar kafin ka biya.

Auna tsayin tayar da ke kan motar yanzu ma. Doguwar taya tana nauyaya giya, mota ta rasa zafin tashi. Silik kuma tana ƙara tsayi idan gudu ya yi gudu, don haka bar mata sarari tsakaninta da bodi, da sifirin, da bututun birki.

Tambaya: Ina da tsofaffin tayoyi da zanensu ya cinye tas. Ba daidai suke da silik ba, tunda dukkansu ba su da zane?

A'a. Silik da taushin roba aka yi ta, idan ta ɗau zafi sai ta manne wa ƙasa kamar danƙo, gefenta kuma yana lanƙwasa lokacin tashi. Taka ta bushe ne, ta tsufa, saura kaɗan waya ta leƙo. Kai su inda ake zubar da tsofaffin tayoyi, kada ka sake aiko mini da irin wannan.

Tambaya: Na sa alamar alli a jikin taya daidai da bakin iska kamar yadda aka ce mini. Bayan gudu uku na ga alamar ta gusa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Na lalata rim ɗin ne?

Kwantar da hankalinka, ƙanena, ba abin da ka lalata, kuma sa allin nan da ka yi ya nuna kana da lura. Motar gida tana yawo da iska 30 zuwa 35 a geji, ƙaramar silik kuwa wajen 12 zuwa 16 ake ba ta. Iska kaɗan, riƙo mai ƙarfi, dole rim ya nemi juyawa a cikin taya. Sabuwar taya takan ɗan gusa a gudun farko sannan ta zauna. Abin damuwa shi ne ta ci gaba da gusawa rabin inci ko fiye a kowane gudu, musamman idan akwai tub a ciki, domin tayar za ta ja tub ɗin har bakin iska ya tsinke, iska ta fice gaba ɗaya kana tsakiyar gudu.

Fara da mai sauƙi: a cire tayar, a wanke bakin rim da bakin taya, a mayar ba tare da giris ko wani abu mai maiƙo ba, ka ƙara iska kaɗan. Idan ta ƙi, sai sukurori. Ana huda gefen rim ciki da waje a tazara ɗaya, a ɗaura gajerun sukurori da za su kama bakin tayar ba tare da sun huda ta ba. Amma ka sani, rim ɗin da aka huda ya zama na filin tsere ke nan har abada, kuma ba na son ganin an huda rim ɗin alminiyom na kamfani, yana iya tsagewa daga ramin. In ba ka da rim na biyu, koma wa tayar tsere irin ta radiyal, wato mai irin saƙar tayar gida, kamar Nitto NT555RII ko Mickey Thompson ET Street S/S, waɗanda aka fi ba iska, ba su kuma cika neman sukurori ba.

Tambaya: Wani zai sayar mini da silik guda biyu na hannu a rabin kuɗin sababbi. Ya ce sau kaɗan ya hau su. In karɓa?

Duk mai sayar da silik na hannu sau kaɗan ya hau. Ban taɓa jin wanda ya ce ya gama cinye su ba. Matsalar ita ce silik tana mutuwa tun robar ba ta ƙare ba. Duk lokacin da aka ƙona ta kafin tashi ta huce, robar tana ƙara tauri, gefen da ke lanƙwasa kuma yana gajiya, ido ba ya ganin ko ɗaya. Akwai 'yan ramuka a fuskarta da ke nuna saura nawa, amma ramin bai san shekara nawa ta yi a rana ba. Danna farce, in bai shiga ba ka bar masa kayansa. Duba tsattsagewa a gefe. In tana da lambar DOT, wadda ake bugawa a gefen taya, alƙaluma huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda aka kankare lambarta, ko rubutun sunan kamfanin ya karkace, kada ka tsaya ciniki. Sannan ka hura su iska ɗaya ka zagaya kowace da tef. Idan zagayensu ya bambanta fiye da rabin inci, mota za ta riƙa ja gefe guda.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba wannan ba ne. Mutum ya tattara kuɗinsa kaf ya zuba a taya, ko sisi bai ware wa abin da zai juya ta ba. Tayar gida idan ƙarfi ya yi mata yawa sai ta yi santsi, ta sauke wa ƙarafa nauyi. Silik ba ta santsi, ƙarfin sai ya nemi mafi rauni: aksil, furofela, kuloci, ko bol ɗin ƙafa. Shi ya sa NHRA, ƙungiyar tseren Amurka da Wally Parks ya kafa a 1951, ta wajabta zoben ƙarfe da ke riƙe furofela ga motar da ke kan silik tana cinye kwata mil, wato mita 402, a daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka. Furofela in ta tsinke daga gaba, ƙasa take soka, ta ɗaga motar. Suna kuma so bol ya shiga cikin noti aƙalla gwargwadon kaurinsa. Masu duba mota a fili za su mayar da kai gida kan waɗannan, kai kuma ka riga ka kashe kuɗin a tayar da ta mutu. Saya zoben, canza bol, duba aksil, abin da ya rage ka tara har ya kai sabuwar taya.

Tambaya: Zan iya barin radiyal ɗina a gaba, in sa silik a baya, in tuƙa daga gida zuwa fili?

Haɗa radiyal a gaba da silik mai saƙar giciye a baya yana sa mota lilo, kamfanonin tayar da kansu suna gargaɗi a kai. Titi kuwa ba wurinta ba ne: ba ta da zanen da zai kori ruwa, ɗan yayyafi ya isa ya juya ka, kuma ƙusa ɗaya ta gama da siririyar robarta. Sa su a but, ka tafi da jak da sifana, ka ɗaura a can.