Zoben benzin a cikin magani

Malam, ka tambaya ko duk maganin da ke da zoben benzin (wato ƙwayoyin zarra shida na kabon da suka haɗu kamar zobe) a tsarinsa yana jawo ciwon daji. A'a. Shi benzin zalla kam guba ne: hanta na juya shi zuwa sinadaran da ke lalata ɓargo, har ta kai ga sankarar jini. Amma asfirin da farasitamol duk suna da wannan zobe, abin da aka maƙala masa ne ke sauya lissafi. Dubi fenasitin, wani tsohon maganin rage raɗaɗi mai wannan zobe, Amurka ta janye shi a 1983 saboda illa ga ƙoda da haɗarin daji, alhali jiki na juya yawancinsa ne zuwa farasitamol. Shi ma farasitamol ɗin, in an zarce ƙima, hanta ce ke ji a jikinta.